Neman Takardar Mutuwar Wadda Ba Ta Mutu Ba

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Mujallarku a jakar alhazai take iso mana Madina, wani lokaci sai ta yi wata uku da fitowa, mu yi ta miƙa wa juna har bangonta ya rabu. Shafin masu faɗin kuskurensu shi nake fara buɗewa, ina karantawa ina girgiza kai kamar ni ba ni da nawa. Yau dai na ce bari in sauke nawa. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Waɗanda suka san mu za su gane mu, waɗanda ba su san mu ba labarin ya ishe su.

Lokacin da abin ya faru, a farkon shekarun dubu biyu, ni matar aure ce mai 'ya'ya mata uku, muna haya a hawa na biyu na wani gida a unguwar Ƙuba. Mu Hausawan Sudan ne, da iƙama muke zaune, wato takardar izinin zama da ake sabuntawa. Maigidana yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wani shago a unguwar Sultana, ni kuma ina yi wa amare lalle a gida. Hannuna yana da kyau, har daga unguwar Awali ake aiko mota a ɗauke ni. An san ni da fara'a da yawan magana, kuma an san ni da hasken fata da gashi mai santsi wanda duk macen da ta zauna a gabana sai ta yi tambaya a kansa. Amsata guda ce tun ina budurwa: mahaifiyata Baturiya ce, ta rasu ina ƙarama. Da na faɗi haka sai a ce Allah ya jiƙanta, in ce amin, magana ta mutu. Na gane tun da wuri cewa babu abin da ke rufe bakin mai tambaya kamar mutuwa.

Rabin maganar gaskiya ne. Mahaifina ya yi karatun injiniya a ƙasar Hangari, wadda Larabawa ke ce wa Majar, ya dawo da mata daga can. Ta musulunta, suka zauna a Wad Madani, aka haife ni. Ina shekara shida ta tafi ƙasarsu, aka ce uwarta ce ba lafiya. Ba ta fi wata biyu da tafiya ba mahaifina ya rasu a haɗarin mota, gwaggona ta ɗauke ni zuwa ƙauye. Na yi ta jira a ce ga ta nan ta dawo, ba ta dawo ba. Yara suna tsokanata wai uwata ta ga ba za ta iya zafi da tuwo ba ta gudu. A nan na ƙulla mata abu a zuciya. Wasiƙunta suna zuwa ta hannun wani abokin mahaifina, da harshensu take rubutu don ba ta iya rubutun Larabci ba, babu mai iya karanta su, gwaggo tana adanawa a gwangwanin alewa. Ranar da za a kai ni ɗakin miji ta miƙa mini gwangwanin ta ce amanata ce. Na tura shi ƙasan akwati. Ta ƙarshe ma a nan Madina ta same ni, wani alhaji ya kawo, na ɗora ta a kan 'yan'uwanta ban buɗe ba.

Maigidana daga wani gari yake, bai san danginmu sosai ba kafin aure. Da ya tambaye ni, amsar da na saba na ba shi. Shi kuwa mutum ne mai riƙe abu da gaske. Duk azumi yakan sa hannu a shimfiɗar buɗe-baki a Masallacin Annabi, ya kai dabino da nono da burodi, ya yi niyyar ladan ga mamatan gidanmu, ya lissafo su ɗaya bayan ɗaya, mahaifiyata tana ciki. Ya dawo ya ce mini ya yi wa surukarsa addu'a a Rauda, kusa da kabarin Annabi. In ce Allah ya karɓa. Shekara goma sha takwas muna haka. Wallahi akwai lokacin da ni kaina nakan manta cewa ƙarya ce.

Abin ya faro ne daga allura. Na kai autata wani ƙaramin asibiti kusa da mu, tana ta tsala kuka, na rungume ta ina cewa kicim, kicim, yi shiru. Kalma ce da nake faɗa wa yarana tun suna jarirai, ban taɓa tunanin daga ina na samo ta ba, na ɗauka irin surutun lallashi ne. Likitar, wata 'yar Sudan mai ƙiba da dariya, ta tsaya da allura a hannu tana kallona. Ta tambaye ni wa ya koya mini wannan kalma. Ta ce ita a Hangari ta yi karatu shekara bakwai, kuma abin da uwa take ce wa ɗanta ke nan a can, ma'anarsa ɗan ƙaramina. Babbar 'yata tana tsaye a gefe, ita ta rako mu, kafin in buɗe baki ta riga ta faɗa wa Daktora da Larabci cewa ai kakarta 'yar can ce. Daktora ta ajiye allurar ta zauna. Ta ce in dai uwata 'yar ƙasar ce lokacin da ta haife ni, to a dokarsu ni ma 'yar ƙasa ce tun ranar haihuwata, haka 'ya'yana ta hanyata. Ba roƙo za mu je yi ba, tabbatarwa kawai za a yi da takardu.

Ni da zan bar maganar a ƙofar asibitin. Amma 'yata a shekarar take gama sakandare, tana cikin na gaba-gaba a ajinsu, burinta karatun haɗa magunguna. A Madina aka yaye ta, a nan ta yi wayo, in na yi mata Hausa da Larabci take amsa mini, amma a takarda baƙuwa ce, kuma ƙofar jami'a ba ta buɗe wa irinmu yadda take buɗe wa 'yan ƙasa. Mun riga mun fara shawarar ko a mayar da ita Sudan wurin dangin da ba ta sani ba, ko ta zauna ta koyi lalle. Ran nan tun a kan hanya take tsalle. Muna shiga gida ta tari mahaifinta da labari tun bai cire takalmi ba.

Ba a yi mako biyu ba maigida ya ɗauki hutu ya hau motar safa zuwa Riyad, ofishin jakadancin ƙasar. Bai tafi shi kaɗai ba. Akwai abokin aikinsa, wani Banube, ɗan ƙabilar Nuba, daga garin Halfa na Sudan, wanda ya rantse cewa ƙabilarsu gaba ɗaya jikokin sojojin Majar ne da suka zauna a bakin Nilu tun ɗaruruwan shekaru, ya ce shi ma zai je ya karɓi nasa fasfo. Maigida ya ce an karɓe su da mutunci. Jami'in ya saurari Banuben har ƙarshe, ya ce ya taɓa jin labarin mutanensu kuma yana jin daɗinsa, amma doka ba ta aiki da abin da kaka ya ji daga kakansa, sai an nuna takarda daga wannan zuwa wancan ba tare da giɓi ba. Aka ba shi shayi da ɗan littafi mai hotunan gadoji, ya dawo yana nuna wa kowa a Sultana wai garinsu ke nan. Mu kuwa aka ce hanyarmu a miƙe take. Jami'in ya yi wa maigida bayanin cewa hanya biyu ce. Wanda uwarsa ko ubansa ɗan ƙasa ne lokacin haihuwarsa, bincike kawai ake yi a ba shi shaida. Wanda dangantakar ta yi nisa ko ta yanke a tsakani, sai ya je can ya zauna, ya koyi harshe, ya nema kamar mai neman sabon abu. Mu muna ta farko. Aka ba shi jerin abin da za a kawo: takardar haihuwata, ta auren iyayena, ta aurenmu, ta haihuwar yara, duk a fassara su a buga musu hatimi. Sai cikakken sunan mahaifiyata da garin da aka haife ta. Da ya ce ta rasu, aka ƙara masa layi ɗaya a ƙasa: takardar shaidar mutuwarta.

Ya dawo yana murna ya shimfiɗa jerin a kan tabarma, 'yata tana karantawa da ƙarfi. Ta karanto har layin ƙarshe. Maigida ya tambaye ni a ina mahaifiyata ta rasu, a Sudan ko a can. Nan ne Allah ya ba ni damar faɗin gaskiya a sauƙaƙe, ni kuwa na buɗe baki na ce a Wad Madani.

Edita, wata bakwai bawan Allah nan yana neman takardar mutuwar matar da ba ta mutu ba. Ya rubuta wa ƙaninsa a Khartum, ƙanin ya je Wad Madani ya bi asibiti, ya bi ofishin rajista, ya sa aka zazzage tsofaffin littattafai masu cike da gara. Ya samo takardar haihuwata, ya samo ta auren iyayena, har ta mutuwar mahaifina ya samo, ta Baturiya kuwa babu. Ya je maƙabarta ya tambayi tsohon mai gadi, tsohon ya ce shi bai taɓa binne Baturiya ba, da ya yi ai ba zai manta ba. Gwaggona ta riga ta rasu, abokin mahaifina ma haka, don haka babu mai ƙaryata ni. Duk ranar Juma'a bayan la'asar maigida yakan je shagon waya ya kira Sudan, ya dawo ya ce har yanzu shiru, amma kada in damu. Ni yake lallashi. Yana ganin ina ramewa, ya ɗauka tuna rasuwar ne yake taɓa ni, har ya ja wa yara kunne su daina ambaton kakarsu a gabana. Ya sayo mini zuma da habbatus-sauda. Ina sha ina jin kamar ƙaya nake haɗiya.

Sauran takardun ma ba su bar mu mun huta ba, sai dai nasu wahalar mai daɗi ce. Sunan mahaifina kala uku aka rubuta shi: Larabawa sun rubuta nasu, Turawan Ingila sun bar nasu salon a Sudan, mutanen Hangari sun cusa masa wasu haruffa da ko shi da zai tashi ba zai gane kansa ba. Sai da aka yi rantsuwa a kotu cewa duk mutum ɗaya ne. Daktora ta zama 'yar gida, takan biyo bayan aiki ta cika mana fom da harshen Hangari, in yi mata lalle a ƙafa, tana koya wa yara gaisuwa suna kwashewa da dariya saboda tsawon kalmomin. Gidan ya cika da annashuwa, ni kaɗai ce nake dariya da rabin baki.

Da abu ya ƙi, wata mata da nake yi wa 'yarta lallen biki ta ce mini ai wannan ba abin damuwa ba ne. Ta san wani mai bin takardu da zai sa a yi mini shaidar mutuwa daga Sudan, da hatimi da komai, ba mai bambanta ta da ta gaske. Ban ɓoye muku ba, na ji sanyi a raina. Na ce ga mafita, in binne ta a takarda yadda na binne ta a baki, kowa ya huta. Har na karɓi lambar mutumin. Amma sai na ce bari in ɗan gwada Daktora tukuna. Na tambaye ta a kaikaice, kamar labarin wata nake yi, ko ana bincika irin wannan takarda. Ta ce ai ba a nan ake yanke hukunci ba, can ƙasar ake aika komai, su buɗe nasu littattafan, su nemo sunan matar tun daga ranar haihuwarta. In takarda ta ce ta mutu, littafinsu ya ce tana raye tana karɓar fansho, to magana ta lalace, kuma ba ta mai ƙaryar kaɗai ba, har ta 'ya'yanta. Ta faɗi haka tana kallon lallen ƙafarta. Can ta ɗago ta dube ni, ta ce, "'Yar'uwa, in akwai abin da ba ki faɗa ba, gara ki faɗa wa mijinki kafin baƙo ya faɗa masa."

Kwana uku ina jujjuya maganar. Abin da ya ƙarasa ni shi ne maigida ya shigo da rana cin abinci ya ce ya yanke shawara, zai nemi bizar fita da dawowa ya tafi Sudan da kansa, tunda ƙaninsa ya gaza. Lokacin zafi ne, lokacin da mai gyaran na'urar sanyi yake samun aikin shekara. Zai bar wannan duka ya je ya bi kaburbura saboda ni. Yara suna makaranta. Na tashi na shiga ɗaki na jawo akwati, na ɗauko gwangwanin na ajiye a gabansa kusa da kwanon shinkafa. Na ce masa mahaifiyata ba ta mutu a Wad Madani ba, ban ma san ta mutu ba ko kaɗan, ga wasiƙunta, ta ƙarshe shekararta takwas. Na faɗi komai ina kuka, tun daga tsokanar yara har lambar mai bin takardu.

Ya wanke hannu, ya buɗe gwangwanin, ya ɗaga ambulan ɗaya yana duba kan sarki. Ni na gama shirya wa faɗa, har saki na kawo a raina. Sai ya ce, "Yanzu shekara goma sha takwas ina kai wa mai rai dabino?" Na ce eh. Sai na ga kafaɗarsa tana rawa. Dariya yake yi, irin wadda take fin ƙarfin mutum, har da hawaye. Ya ce shi ba kansa yake tausayi ba, ƙaninsa yake tunawa da mai gadin maƙabarta. Da dariyar ta lafa kuma ya yi mini maganar da ta fi mari zafi. Ya ce ƙaryar da na yi masa ya yafe, tunda tun kafin ya san ni na fara ta. Amma ya yi shekaru yana roƙon Allah ya ba shi ko da yini ɗaya da tasa uwar da ta rasu, ni kuma ina da tawa a cikin gwangwani.

'Yata ba ta yi dariya ba. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, rana ta uku ta zo ta tsaya a ƙofar kicin ta yi mini Hausa, abin da ba ta saba ba, ta ce, "Umma, in na yi miki laifi ni ma haka za ki ce na mutu?" Sai na jawo ta na riƙe.

Daktora ce ta karanta mana wasiƙun, ranar Alhamis da hantsi, mu duka a zaune. Guda ashirin da wani abu. Ta fara da ta farko. Ashe labarin rasuwar mahaifina sai bayan wata huɗu ya isa gare ta. Ta nemi dawowa, a zamanin nan gwamnatinsu ba ta barin mutum ya fita yadda ya ga dama, ga mijin da zai tsaya mata babu, ga uwarta a kwance. Ta rubuta wa dangin mahaifina tana roƙon a aiko mata da ni ko a ba ta adireshin ƙauyen, ba amsa, don ba wanda ya san me ta rubuta. Kowace wasiƙa tana tambaya ko na fara makaranta, ko haƙorana sun fito daidai, ko har yanzu ina tsoron akuya. Daga baya ta koma tambayar ko na yi aure. Ta yi aiki a masaƙa, ba ta sake aure ba. A ta ƙarshen ta ce ba za ta ƙara damuna ba, amma ba za ta tashi daga gidan ba, don in na nemi adireshin in same ta. Daktora mai dariya sai da ta cire tabarau ta share ido. Ni kuwa abin da ya fi ci mini rai shi ne sauƙin abin. Shekara da shekaru ina fushi da mace a kan maganar da ke rubuce a ƙasan akwatina, ban taɓa neman wanda zai karanta mini ba.

Muka rubuta mata, ni ina faɗa Daktora tana juyawa, muka sa hoton yara da lambar wayar shagon maigida. Ba mu san ko tana raye ba. Kwana ashirin da uku bayan nan, wajen la'asar, maigida ya zo da gudu da motar shago ya ce in sa abaya, wata ta kira ta ce za ta sake kira bayan awa ɗaya. Na zauna a kan wata tsohuwar na'ura a cikin shagon, masu gyara duk sun ajiye aiki. Wayar ta yi ƙara, na ɗauka, na ji muryar tsohuwa, ta ce da Hausa, "Ina kwana?" Da la'asar sakaliya. Ita ke nan Hausar da ta rage mata daga kakata ta wajen uba. Na ce lafiya lau, Mama, muka fashe da kuka da dariya a tare. Sauran hirar da Larabcin Sudan muka yi ta, nata ya yi tsatsa amma yana tafiya.

Daga nan komai ya zo da sauƙin da har ya ba ni haushi. Abin da muka yi wata bakwai muna nema ta bayan gida, ita ta shiga ofishin garinsu da ƙafarta ta karɓo takardar haihuwarta da sauran shaidu cikin 'yan kwanaki ta aiko. Maigida ya koma Riyad ya gyara maganar da ya faɗa da farko, ya ce surukarsa ta tashi. Ya ce jami'in ya taya shi murna ya soke layin ƙarshe da biro. Aka aika takardu, muka jira fiye da shekara, don su ba sa gaggawa. Ranar da shaidar ta iso da sunana da na 'ya'yana uku, na soya cincin na raba wa maƙwabta, kuma na bi gida gida na faɗa wa matan da suka sha yi wa uwata addu'ar mamaci cewa tana nan da ranta. Wasu sun yi dariya, wasu sun yi gulma, wata tsohuwa 'yar Damagaram ta ce in je in yi istigfari in daina yawo. Ita ta fi su gaskiya.

Da rani ya zagayo muka tafi ni da babbar 'yata. Gari ne ƙarami, tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa daga Budapest. Tana tsaye a tasha da gyale a kai, wai don kada mu ji kunyarta, gajeriya, da irin hancina sak. Ta riga ta fitar da duk abin da bai halatta ba daga kicin ɗinta, ta sayi sababbin tukwane, ta nemo inda alƙibla take ta manna takarda a bango. Miyarta ja wur da barkono amma ba yaji, 'yata ta ce wannan barkonon ƙarya yake yi. A wurinta yarinyar ta zauna, ta yi shekara tana koyon harshe, sannan ta shiga karatun da take so. Yau tana aiki, kuma ita ce tafintanmu in Larabcin Mama ya ƙare. Mu muna nan Madina inda muka saba, ba mu da niyyar tashi. Takardar ba ta mai da mu wasu mutane ba, ƙofa ce kawai ta buɗe wa yara.

Kafin in baro garin, wata safiya muna shan shayi a bayan gida, Mama ta tambaye ni me nake faɗa wa 'ya'yana game da ita duk shekarun nan. Na so in kauce, amma na gaji da kaucewa, na faɗa mata. Ta juya cokali a cikin shayinta. Sannan ta ja wuyan rigarta ta nuna mini tabon aikin zuciya da aka yi mata shekara biyu kafin wasiƙarmu ta iso. Ba ta yi fushi ba, har da ɗan murmushi ta ce, "Da kin ƙara jinkiri kaɗan, da maganarki ta zama gaskiya."

Abin da na koya ke nan, kuma shi ya sa na rubuto. Ga masu neman takardar wata ƙasa ta hanyar iyaye ko kakanni, ku je ofishin da abin ya shafa ku tambaya da bakinku, ku faɗi gaskiya tun a tambayar farko, ku bi doguwar hanyar hatimi da fassara ko da za ta ci shekara. Kada ku saurari mai cewa zai haɗa muku takarda. Ni saura ƙiris in rushe haƙƙin 'ya'yana na halal da takardar jabu, alhali ta gasken tana jirana. Ku adana takardun iyayenku, ku nemi mai karanta muku abin da ba ku iya karantawa. Ga wanda kuma yake da wani nasa da ya kashe da baki saboda fushi, uwa ce ko uba ko ɗan'uwa, ina roƙonsa ya binciki dalilin fushin tukuna, wataƙila bai taɓa jin ɗaya ɓangaren ba. Ni Allah ya yi mini sassauci, na sami tawa a tsaye a tasha. Ba kowa ake jira haka ba.